Daga Hemar Rufaida Zuwa Barikin Jalingo: Yadda Mata Suka Kai Ga Jagorancin Jinyar Sojoji A Lokutan Yaƙi

Kowace shekara a ranar 15 ga Janairu, Najeriya kan tuna da 'yan mazan jiya. A Abuja da manyan biranen jihohi, har da Jalingo, fadar Jihar Taraba, ana busa bigila, a ajiye furanni, a yi addu'a ga sojojin da suka kwanta dama a yaƙe-yaƙen duniya biyu, da yaƙin basasa, da ayyukan wanzar da zaman lafiya, da kuma fafatawar da ake yi da 'yan ta'adda. Ita kanta kalmar "'yan mazan jiya" ta nuna wanda ake da shi a zuci, wato namiji mai riƙe da bindiga. Ba kasafai ake tuna matar da aka kai wa wannan namijin bayan harsashi ya same shi ba, balle wadda ta tsara ɗakin jinyar da aka kwantar da shi.

Jalingo na daga cikin garuruwan da wannan batu ya shafa kai tsaye. A nan ne hedikwatar Birged ta 6 ta Rundunar Sojojin Ƙasa take, a nan ne kuma Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta jihar da Cibiyar Kula da Lafiya ta Tarayya suke. Yarinyar da ta tashi a mazaɓar Abbare Yelwa ko Kona ko Sintali tana ganin masu farin kaya da masu kaki suna wucewa, kuma tana iya tambayar ko mace za ta iya haɗa biyun har ta kai ga ba da umarni. Amsar ita ce za ta iya, amma an daɗe ana kai ruwa rana kafin hakan ta tabbata. Tarihi ya nuna cewa ba a taɓa hana mata wahalar jinya a lokacin yaƙi ba. Abin da aka daɗe ana hana su shi ne ikon da zai sa a bi maganarsu, alhali ran mai rauni yana rataye ne a kan wannan ikon.

Hemar da ke harabar masallaci

A tarihin Musulunci, jinyar mayaƙa ta faro da mata tun farkon al'amari. A yaƙin Uhudu, a shekara ta 625 Miladiyya, Nana A'isha da Ummu Sulaim sun yi ta jigilar ruwa a salka suna shayar da waɗanda suka jikkata. Ummu Aɗiyya kuwa an ruwaito cewa ta halarci yaƙe-yaƙe bakwai, inda takan tsaya a sansani tana dafa abinci, tana yi wa masu rauni magani, tana kula da marasa lafiya.

Wadda ta fi shahara a wannan fage ita ce Rufaida Al'aslamiyya, mutuniyar Madina, wadda ta kafa hema a harabar masallaci tana karɓar masu rauni. A yaƙin Khandaƙ, wato yaƙin gwalalo na shekara ta 627, kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban ƙabilar Aus, a jijiyar hannu. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da a kwantar da shi a hemar Rufaida domin ya riƙa duba shi daga kusa. Abin lura a nan shi ne hemar da sunanta aka san ta, kuma shugaban al'umma da kansa ne ya tura babban jagoran mayaƙa zuwa hannunta. Wannan ne ya sa masu nazarin tarihin jinya suke ɗaukar ta a matsayin ma'aikaciyar jinya ta farko a Musulunci.

Kirimiya: ga aiki, babu iko

Jinyar soja irin ta zamani, mai tsari da albashi da shugabanci, ta samo asali ne daga yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, wanda Rasha ta gwabza da Daular Usmaniyya da Birtaniya da Faransa. Da labarin halin ƙuncin da sojojin Birtaniya masu rauni suke ciki ya isa Landan, sai Sakataren Yaƙi, Sidney Herbert, ya tura Florence Nightingale da ma'aikatan jinya 38 zuwa asibitin bariki da ke Uskudar, daura da birnin Istanbul. Sun isa a farkon Nuwamban 1854.

Likitocin soja ba su yi maraba da su ba. Nightingale ta hana matan da take jagoranta shiga ɗakunan majinyata sai da izinin likita, ta zauna tana jira, har sai da masu raunin gwabzawar Inkerman suka yi wa asibitin yawa aka nemi taimakonsu ala tilas. Ana yawan tuna ta da fitilar da take zagayawa da ita da dare, amma babban aikinta na gudanarwa ne. Ta kafa wurin wanki, ta gyara tsarin girki, ta sayi riguna da barguna da kuɗin gudummawar jama'a, ta kuma riƙa rubuta adadin waɗanda suka mutu da abin da ya kashe su. Wannan lissafi ne ya fito da gaskiyar cewa zazzaɓin taifot da kwalara da atuni sun fi harsashi kashe sojoji nesa ba kusa ba. Mace-macen sun ragu sosai bayan da hukumar tsafta da aka aiko daga Landan a watan Maris na 1855 ta yashe magudanun ƙazanta ta kuma buɗe hanyoyin iska.

Duk da haka, sai a watan Maris na 1856, ana dab da sa hannu kan yarjejeniyar sulhu, aka fitar da umarnin soja da ya tabbatar da ita a matsayin babbar mai kula da duk mata ma'aikatan jinya na asibitocin rundunar. Kusan dukkan yaƙin ta yi shi ne tana jayayya kan iyakar ikonta. Wata mace kuma, Mary Seacole 'yar Jamaika, ta nemi a ɗauke ta aka ƙi, sai ta kai kanta Kirimiya da kuɗinta ta buɗe masauki kusa da Balakalaba, inda take ciyar da sojoji tana yi musu magani.

Neman anini a kafaɗa

Irin wannan turka-turka ta sake faruwa a yaƙin basasar Amurka. A 1861 aka naɗa Dorothea Dix shugabar mata ma'aikatan jinya na rundunar gwamnatin tarayya, amma a 1863 wani sabon umarni ya mayar da mafi yawan ikon ɗaukar ma'aikata hannun likitocin soja. Sai a 1901 Amurka ta kafa sashen jinya na dindindin a rundunarta ta ƙasa, Birtaniya kuma ta sake fasalin nata a 1902 da sunan Sarauniya Alexandra.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Maud McCarthy, haifaffiyar Ostireliya, ta jagoranci ma'aikatan jinyar rundunar Birtaniya a Faransa daga 1914 zuwa 1919, kuma waɗanda ke ƙarƙashinta sun kai kimanin 6,000 a ƙarshen yaƙin. Wannan adadi ya fi na birged guda, amma ba ta da muƙamin soja ko ɗaya. A ɓangaren Amurka matsalar ta fito fili ƙarara. Ma'aikaciyar jinya takan umarci kurtun da ke taimaka mata ya juya majinyaci ko ya tafasa kayan aiki, shi kuwa ya yi biris, domin a tsarin soja wanda ba shi da igiya ko anini ba shi da bakin ba da oda. Abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi, kuma mai rauni ne yake ɗanɗana kuɗarsa.

A 1920 majalisar dokokin Amurka ta ba su muƙamai na kwatance, daga Laftana zuwa Manjo. Julia Stimson ce ta fara ɗaura na Manjo. Sun sami anini a kafaɗa, amma albashinsu bai kai na takwarorinsu maza ba, ikonsu ma taƙaitacce ne. Birtaniya ta fara ba nata ma'aikatan jinyar muƙaman hafsoshi a 1941. Amurka ta ba su cikakken hafsanci na wucin gadi a 1944, sannan na dindindin a 1947, bisa ƙoƙarin Kanar Florence Blanchfield wadda ta jagoranci fiye da mata 50,000 a Yaƙin Duniya na Biyu. A ranar 11 ga Yuni, 1970, Anna Mae Hays, shugabar sashen jinya, ta zama mace ta farko da ta kai muƙamin Janar a tarihin sojan Amurka. A 1979 Hazel Johnson ta zama baƙar fata mace ta farko da ta kai wannan matsayi, ita ma daga sashen jinya.

Amfanin shugabanci nagari ya bayyana a Filifin bayan da Japan ta mamaye ƙasar a 1942. An tsare ma'aikatan jinyar sojan Amurka 77 na kusan shekara uku. A sansanin Santo Tomas da ke Manila, Kyaftin Maude Davison ta dage cewa kowace daga cikin matan da ke ƙarƙashinta sai ta yi aikin sa'o'i huɗu a kullum a asibitin sansanin, duk da yunwar da ta addabe su. Da aka 'yanto su a watan Fabrairun 1945, babu ko ɗaya daga cikin 77 ɗin da ta rasu.

Mene ne aikin shugabar jinya a lokacin yaƙi?

Domin fahimtar dalilin da ya sa muƙami yake da muhimmanci haka, sai a dubi abin da ke faruwa idan mota ta iso asibitin sansani cike da masu rauni. Aiki na farko shi ne tantancewa: wane ne zai mutu idan ba a taɓa shi nan take ba, wane ne zai iya jira, wane ne rauninsa bai taka kara ya karya ba. Ƙa'idar da aka gada daga Dominique Larrey, likitan rundunar Napoleon, ita ce a bi tsananin rauni, kada a bi girman muƙami. Ke nan wajibi ne mai tantancewa ta kasance tana da ikon cewa Kanar ya dakata a fara da kurtu, kuma a bi maganarta ba tare da gardama ba.

Bayan wannan akwai rabon aiki tsakanin masu dare da masu rana, da lissafin jini da ruwan ƙari da magungunan kashe zafi, da tsaftar kayan tiyata, da shirya majinyatan da za a ɗauka zuwa babban asibiti tare da cikakken bayanin abin da aka riga aka yi musu. Ita ce kuma ke lura da ma'aikatanta idan gajiya ko firgici ya fara cin su.

Akwai kuma nauyin doka. Yarjejeniyoyin Geneva na 1949, waɗanda Najeriya ta shiga a 1961, sun haramta kai hari kan ma'aikatan lafiya na soja da asibitocinsu. Sun kuma wajabta musu kula da duk mai rauni ba tare da bambanci ba, ko da abokin gaba ne. An yarda su riƙe ƙaramin makami domin kare kansu da majinyatansu kawai. Tabbatar da waɗannan ƙa'idoji a daidai lokacin da zukata suka yi zafi yana buƙatar shugaba wadda ake jin maganarta.

Afirka ta Yamma da yaƙin Bama

A zamanin mulkin mallaka, sojojin Najeriya suna cikin rundunar Birtaniya ta Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce harshen bariki. A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi dubban 'yan ƙasar nan zuwa Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82. Lambobin da manyan asibitocin soja na yankin suke ɗauke da su har yau, wato 44 a Kaduna, 68 a Yaba ta Legas, 37 a Akara da 34 a Firitawun, gado ne na wancan zamanin.

A waɗannan asibitoci shugabancin jinya yana hannun Turawa mata ne. 'Yan Afirka da suka yi aikin jinya a cikin rundunar maza ne masu matsayin mataimaka. Ɗaya daga cikinsu shi ne Isaac Fadoyebo, ɗan yankin Owo, wanda sojojin Japan suka harba a bakin kogin Kaladan a watan Maris na 1944, har wani manomi Musulmi na yankin ya ɓoye shi tsawon watanni. Baƙaƙen mata masu anini da suka yi aiki a Afirka ta Yamma a lokacin 'yan Amurka ne, su 30, waɗanda aka tura Laberiya a 1943 ƙarƙashin Laftana Susan Freeman. 'Yar Najeriya ba ta da gurbi a wannan tsari sai bayan samun 'yancin kai.

Ƙofar da aka buɗe a 1961

Kamar yadda ya faru a wasu ƙasashe, ta ƙofar jinya mata suka shiga sojan Najeriya. Josephine Okwuekeleke Tolefe, 'yar yankin Aniocha da ke Jihar Delta ta yanzu, wadda ta koyi jinya da ungozoma a Ingila, ita ce mace ta farko da ta zama hafsa a Rundunar Sojojin Ƙasa, a 1961. A 1963 ta zama mace ta farko mai muƙamin Kyaftin, ta kuma ajiye aiki a 1967. A ɓangaren farar hula ma a wannan tsakanin ne shugabancin sana'ar ya dawo hannun 'yan ƙasa. Kofoworola Abeni Pratt ta zama babbar jami'ar jinya ta tarayya a 1965, sannan a 1973 ta sami lambar yabo ta Florence Nightingale, wadda ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ke bayarwa.

Yaƙin basasa, daga 6 ga Yuli, 1967 zuwa 15 ga Janairu, 1970, shi ne babban gwaji na farko. Rundunar da ba ta wuce mutum kusan 10,000 ba kafin yaƙin ta kumbura zuwa kimanin 250,000 a ƙarshensa, alhali ba a horar da ma'aikacin jinya cikin 'yan makonni kamar yadda ake horar da kurtu. Dole asibitocin farar hula, har da na koyarwa a Legas da Ibadan, suka karɓi sojoji masu rauni. A ɗaya ɓangaren ma, mata ma'aikatan jinya sun yi aiki cikin ƙarancin magani da matsananciyar yunwa. Sunayen kwamandojin wannan yaƙi suna bakin kowa, amma na matan da suka riƙe ɗakunan jinyarsa ƙalilan ne suka shiga littattafai.

Bayan yaƙin, a 1972, Dokta Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa, ta shiga soja. Ta shugabanci asibitocin soja a Ibadan da Inugu da Benin, ta zama Birgediya Janar a 1990, sannan Manjo Janar a 1994, mace ta farko da ta kai wannan muƙami a Najeriya. Ita ce ta jagoranci Sashen Lafiya na Rundunar Sojojin Ƙasa baki ɗaya a shekarun da dakarun ƙasar nan ke cikin rundunar ECOMOG a Laberiya. Ta rasu a watan Nuwamban 2023. Daga baya Manjo Janar Abimbola Amusu ta zama mace ta biyu da ta riƙe wannan sashe. Su biyun likitoci ne, kuma wannan ya nuna inda aka kwana: a tsarin Najeriya ma'aikatan jinya suna cikin Sashen Lafiya ne, wanda bisa al'ada likita ke shugabanta. Sai dai hanyar da suka bi, ma'aikaciyar jinya ce ta share ta.

Halin da ake ciki a yau

Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, jinyar soja ta zama aikin yau da kullum a arewacin Najeriya. Sojan da ya jikkata a Arewa maso Gabas yakan sami taimakon gaggawa a inda ya faɗi, a kai shi wurin jinya na bataliyarsa, daga nan zuwa asibitin Runduna ta 7 da ke barikin Maimalari a Maiduguri, idan raunin ya yi tsanani kuma a wuce da shi asibitin 44 na Kaduna. A kowane zango akwai ma'aikatan jinya, maza da mata, kuma kuskuren zango ɗaya yana iya ɓata ƙoƙarin sauran.

Haɗarin aikin bai tsaya kan masu kaki ba. A watan Maris na 2018 'yan ta'adda sun sace mata ma'aikatan lafiya uku a garin Rann na Jihar Borno, kuma kafin ƙarshen shekarar suka kashe biyu daga cikinsu, ungozomomi masu aiki da Red Cross. Masu ɗauke da makamai a irin wannan rikici ba su damu da wata yarjejeniya ba, lamarin da ya ƙara nauyi a wuyan duk wadda ke da alhakin tura ma'aikata bakin daga.

A Taraba, baya ga hedikwatar birged a Jalingo, akwai Bataliya ta 93 a Takum da ta 20 a Serti, kuma jihar tana cikin yankin da rundunar haɗin gwiwa ta Whirl Stroke ke aiki tun 2018, tare da Binuwai da Nasarawa. Wuraren jinya na bariki ba sojoji kaɗai suke yi wa hidima ba. Matan sojoji suna awon ciki a can, ana yi wa 'ya'yansu rigakafi, kuma idan rikici ya raba mutane da gidajensu, mata da yara ne suka fi yawa a cikin masu neman taimako. A yankunan da mace da yawa ba za ta saki jiki ta faɗa wa namiji abin da ke damun ta ba, hafsa mace da ke jin Hausa ko Fulatanci ko Mumuye ko Jukun tana iya gano abin da wani ba zai gano ba.

Ƙofofin sun ƙaru a 'yan shekarun nan. A 2011 Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshin yaƙi, a 2018 kuma Rundunar Sojojin Ƙasa ta kafa sashe na musamman na mata. Rundunar tana da kwalejin koyon jinya tata a Yaba. Mai sha'awar aikin tana iya shiga a matsayin ƙaramar soja, ko kuma ta nemi hafsanci kai tsaye idan tana da shaidar karatun da aka gindaya da lasisin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Sharuɗɗan shekaru da takardu suna fitowa ne a sanarwar da kowace runduna ke bayarwa, neman gurbin kuma kyauta ne, don haka duk wanda ya nemi kuɗi da sunan zai samar da shi, ɗan damfara ne.

Tun da ana raba guraben ne bisa tsarin wakilcin jihohi, abin da zai ƙayyade yawan 'yan Taraba da sauran jihohin Arewa a cikin hafsoshin jinya na gobe shi ne yawan 'yan matan da suka kammala sakandare da kyakkyawan sakamako a darussan kimiyya. Wannan hukunci ne da iyaye ke yankewa a gida, a Abbare da Mayo Gwoi da sauran unguwanni, shekaru da dama kafin a buga wata sanarwar ɗaukar soja. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tsakanin zuwan Nightingale Uskudar da samun cikakken hafsancin ma'aikatan jinya a Amurka an shafe shekara 93, yayin da Najeriya ta ɗaura wa ma'aikaciyar jinya anini a shekarar da ta biyo bayan samun 'yancinta. Abin da ya rage shi ne a samu ƙwararrun da za su cike guraben, a kuma riƙa ambaton waɗanda suka gabace su a duk ranar 15 ga Janairu.